Gansakuka a Filin Hedley

Ranar da aka sauko da gadon Hedley Ormerod daga bene zuwa ɗakin cin abinci, bai damu da gadon ba. Nas biyu suka daidaita shi, suka nuna wa 'yarsa Lorna inda ake dannawa ya ɗaga da inda ake dannawa ya sauka, suka sha shayi a tsaye, suka tafi. Shi kuwa tun da aka jingina masa filo idonsa yana kan ƙofar gilashin da ke kallon bayan gida. Can ya ce, "Yau nawa ga wata?"

"Tara ga Satumba, Baba."

"To, lokaci ya yi. Filin nan yana son tsefewa."

Filin ciyawa ne, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, tsakanin gida da rumfar ajiyar kayan aiki. Shekara arba'in da ɗaya Hedley yana kula da shi. Lokacin da yake aikin raba wasiƙu a Clitheroe, kan ya cire rigar aiki sai ya fara zagaya shi, yana duƙawa yana cire abin da ido bai isa ya gani ba. Kowace kaka shi da maƙwabcinsa Norris sukan fito da injin da suka saya tare. Da farko a tsefe filin, haƙoran ƙarfe su yago matacciyar ciyawa da gansakuka. Sannan a canza kan injin a huhhuda ƙasa don ta sha iska, a zuba yashi, a watsa iri. Sai wurin ya koma kamar an yi dambe a kansa har na mako uku ko huɗu, daga nan kore ya dawo, ya fi na da.

Amma gwiwar Norris ta gaji shekara uku da suka wuce, ya sa aka shimfiɗa masa ciyawar roba, injin kuma ya tafi gidan surukinsa a Preston ya mutu a can. Sai ciwo ya kama Hedley. Shekara biyu ke nan ba abin da filin ya samu sai aski, shi ma sai ƙarshen makon da Lorna ta samu zuwa daga Leeds. Yanzu ta tattaro kwamfutarta ta dawo gida gaba ɗaya, domin likita ya ja ta gefe a barandar asibiti ya ce in tsohon ya ga Kirsimeti an yi sa'a.

Hedley ya zaro wata takarda daga cikin jakar tabaraunsa. Hoton inji ne da ya yanka daga mujallar kayan lambu, mai kai biyu, na tsefewa da na hudawa, fam ɗari da arba'in.

"Baba, mu yi haya mana. Kwana ɗaya ai an gama."

"Haya!" in ji shi. "Abin da za a riƙa yi kowace shekara? Wa ya taɓa hayar tsintsiya?"

Lorna ta karɓi takardar ta ninka. Ba ta yarda su haɗa ido ba. Ta ce za ta duba ranar Asabar.

Da yamma ta fita ba takalmi. Daga taga filin shar yake, kore har bakin shinge, ba tabo ko ɗaya. Amma ƙafarta na taka shi ta ji yana lotsawa kamar soso, ruwa yana tasowa tsakanin yatsunta. Ta tsuguna, ta juya wa gidan baya, ta damƙi koren ta ja. Ya taso mata a hannu kamar tsohon bargo, ba ko gardama. A ƙarƙashi baƙar ƙasa ce mai sheƙi, da silin ciyawa uku ko huɗu, farare, sirara.

"Kin gani ke nan," in ji wata murya daga bayan shinge. Norris ne, ya ɗora haɓarsa a kan katako, da hularsa ta ulu wadda ba ya cirewa ko a coci.

"Kawu Norris, duka haka yake?"

"Kashi tara cikin goma. Tun bara nake gani, na yi shiru. Gansakuka ce ta cinye shi, 'yata. Kika sa masa inji, abin da zai rage taɓo ne kawai."

"Kuma zai dawo?"

"Zai dawo mana. Sai dai ba irin dawowar da ya saba ba. Wannan shuka ce daga farko. Ki samu ɗan gashi-gashi kafin hunturu, amma fili na gaske sai Mayu." Ya cire haɓarsa daga katakon, ya sosa wuya. "Sai Mayu," ya sake cewa, ƙasa-ƙasa.

Lorna ta mayar da gansakukar inda ta ciro ta, ta danna da tafin hannu. Da ta waiwaya ta hango kan mahaifinta a kan filo, fari, ƙarami. Idonsa ya yi rauni, talabijin ma sai dai ya saurara. Abin da ya rage masa na kallo a duniya shi ne wannan koren. A nan tsugune ta yanke shawara ba za ta yage shi ba.

Asabar ta farko ruwa ya taimake ta, aka wuni ana yi. Ta biyu ta ɗauki mota ta je kantin kayan lambu, ta tsaya gaban injin. Ga shi nan cikin kwali, guda shida an jera. Wata mai aiki ta tambaye ta ko tana neman taimako, ta ce a'a, ta sayi safar hannu da ba ta bukata, ta dawo.

"Sun ƙare, Baba. Sun ce sai mako mai zuwa."

"To, ba komai," in ji Hedley. "Kowa yanzu yake saye."

Ta uku ta ce aiki ya yi mata yawa. Ya ce ba komai, aiki ai shi ne gaba. Haka gidan Ormerod yake tun tana yarinya. Ba a tambaya sau biyu, ba a ce wa mutum ƙarya yake. A ɗora buta, a yi maganar ruwan sama.

Kullum ƙarfe huɗu Norris yakan shigo ta ƙofar kicin, wani lokaci da kek ɗin citta da matarsa Maureen ta gasa, ya zauna a kujerar da ke gefen gado.

"Ga mai darduma ya iso," Hedley zai ce. "Yau an yi mata shara, ko wanki aka kai ta?"

"Kai dai hassada ce ke cinka, tsohon banza. Ni ina shan shayi a zaune, kai ka yi shekara arba'in kana rarrafe kamar tunkiya."

"Tunkiya ma ta fi ka hankali. Ita ba ta cin roba."

"Kek ɗin nan dai ba na roba ba ne. Za ka ci ko in cinye?"

"Ba ni ɗan mitsitsi. Gaya wa Maureen citta ta yi yawa."

"Gaya mata da bakinka in kana da ƙarfin hali."

Sai su yi dariya har tari ya sarƙe Hedley, Lorna ta zo da ruwa. Ba wanda ya ƙara ambaton inji. Ganyen bishiyar maƙwabta ya fara zuba, tana fita kowace safiya tana tsincewa da hannu, don kada manjagara ta taɓa gansakukar ta tona asiri.

Ranar sha huɗu ga Oktoba da hantsi, bayan nas ta tafi, rana ta ɗan leƙo. Hedley ya ce a buɗe masa ƙofar gilashin. Lorna ta ce da sanyi. Ya ce ya sani. Ta ƙara masa bargo, ta buɗe. Ya rufe ido ya ja iska a hankali, sau biyu, sau uku.

"Kin ji warin nan?"

"Warin me?"

"Kamar ƙasan gada. Ciyawa ba ta wannan warin." Ya buɗe ido. "Lorna, ido ne ya tafi, ba hanci ba. Kuma ko da idon nan ina bambanta koren ciyawa da na gansakuka. Na ciyawa yana motsi in iska ta kaɗa. Wannan tun da aka kwantar da ni a nan bai motsa ba ko sau ɗaya."

Ta tsaya riƙe da hannun ƙofa. Kunnuwanta suka yi zafi kamar ranar da ya kama ta da sigari a bayan rumfa tana 'yar sha huɗu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara."

"To me ya sa ba ka ce ba?"

"Ke me ya sa ba ki ce ba?"

Ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Baba, in na tsefe shi, taɓo za ka yi ta kallo. Kawu Norris ya ce sai Mayu."

"Na san lissafin watanni, yarinya. Wasiƙu na raba, ba a makaranta na faɗi ba." Ya lalubo hannunta. Nasa ba nauyi, kamar safar hannu da ba kowa a ciki. "Ina kwance a nan ina kallon abu yana shaƙe wuyan filina, kowa yana ce min ya yi kyau. Nas ma jiya cewa ta yi, kai, Mista Ormerod, wannan fili kamar na gidan sarauniya. Na ce na gode. Me zan ce? Amma ba na so in bar shi haka. In wani ya zo ya taka, ya ce wannan ne filin Hedley?"

"Ba a makara ba?"

Ya ɗaga ido yana kallon sama ta gilashi, kamar yana karanta wani abu a jikin gajimare.

"Da tara ga Satumba ne, da yanzu har an yi masa askin farko," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. "Iri yana son ƙasa mai ɗumi. In raɓa ba ta daskare ba nan da kwana goma, wataƙila."

A ranar ta sayo injin. Norris ya zo ya taya ta haɗawa, yana zagin takardar bayanin, yana cewa wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe sukudireba ba. Washegari da safe aka ɗaga kan gadon har ƙarshe, aka buɗe ƙofa, Hedley ya zama shugaban aiki daga cikin bargo.

"Wayar wuta a kafaɗa! Kina so ki yanke ta ki tafi lahira, ki riga ni?"

"Baba!"

"Sauke haƙoran mataki ɗaya. Ɗaya na ce. Norris, kai ba ka da amfani a nan, je ka goge dardumarka."

"Ina nan daram, in ga ƙarshen mulkinka."

Ta danna, injin ya yi ƙara, ya ja ta gaba. Bayansa wani baƙin layi ya buɗe a tsakiyar koren, kamar an zuge zif. Kafin ta kai rumfa jakar injin ta cika. Ta juye a baro, ta dawo. Ta bi shi a tsaye, Hedley ya ce ta sake bi a karkace. Gansakuka ta yi ta fitowa, ba ta ƙarewa, har Lorna ta rasa inda ƙaramin fili ya ɓoye wannan tulin. Baro goma sha bakwai Norris ya tura da gurguwar gwiwarsa. Da azahar ta canza kan injin ta huda ƙasar, ta watsa yashi, ta share shi cikin ramukan da tsintsiya mai tauri, sannan iri, hannu-hannu, tana tafiya da baya kamar yadda ake daka mata tsawa daga gado.

Da aka gama ta tsaya a bakin ƙofa, taɓo har gwiwa, tafin hannunta ya yi ƙuraje. Ba sauran kore sai ɗan tsilli-tsilli. Ta kasa juyawa ta dubi mahaifinta.

"Yawwa," ta ji ya ce. "Yanzu yana numfashi." Kumatunsa sun yi ja, kuma a yammacin nan ya cinye kek ɗin Maureen yanka guda cur, bai ce citta ta yi yawa ba.

Kwana uku aka samu. A na huɗu Lorna ta sauko da safe ta tarar filin ya yi fari fat, raɓa ta daskare a kansa kamar an barbaɗa gishiri. Ta tsaya da labule a hannu. Hedley ya duba, ya ce, "Hm." Ya nemi shayinsa.

Aka yi kwana biyar a jere haka. Daga nan ruwa ya dawo, mai sanyi, ba ƙarfi ba tsayawa. Irin yana kwance a kan taɓo, ana ganinsa, bai tsage ba, bai ruɓe ba. Tantabarun daji suka gano shi, manya, masu farin wuya, suna sauka shida-shida. Lorna ta ɗaura tsofaffin faifan waƙa a zare suna lilo, tantabarun suka yi kwana ɗaya suna jin tsoro, suka dawo. Kowace safiya kafin ta ɗora buta sai ta fita ta tsuguna ta duba. Kowace safiya in ta shigo ba ya tambaya, ita ma ba ta cewa.

Wata yamma a farkon Nuwamba Norris ya shigo yana murza hularsa a ka. Ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Hedley, kada ka zage ni. Akwai ragowar tawa ciyawar robar a gareji, naɗi guda. In aka shimfiɗa daga nan zuwa can, iya inda idonka yake kaiwa, na ɗan lokaci kawai…"

Hedley ya juyo da kai a hankali ya dube shi.

"Norris Pickup. Shekara arba'in ina jiran ranar da za ka yi ƙoƙarin kashe ni. Ashe sai da ka ga na kwanta."

Norris ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya ciro hankici ya ce mura ce ke damunsa. Lorna ta shige kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Bayan wannan Hedley ya fara yin nisa. Barci ya yi yawa, magana ta ragu, shayi sai da cokali. Ranar sha biyu ga wata Lorna ta kai hannu za ta yaye labule, ya ce, "Bar shi. Hasken yana damuna." Babu wani haske, gari a lumshe yake. Ta bar shi. Washegari ma haka. Ta hau bene ta zauna a bakin bahon wanka, ta lissafa makonni biyar ɗin da ta ɓatar, Asabar bayan Asabar, ta ga kwalaye shida a jere a kanti da safar hannun da ta saya. Ta so ta hana shi kallon taɓo, ga shi taɓon ne kaɗai ta ba shi, kuma yanzu ko shi ba ya so ya gani.

A rana ta uku da rufe labule ta fita zubar da shara, ta bi ta jikin bango don kada ta taka filin. A nan ta gani. Dab da gindin gidan, ƙarƙashin ƙofar gilashin, inda bulo yake riƙe ɗumin ɗaki, wani siririn layi ne da bai fi faɗin tafin hannu ba. Tsirrai ne kamar allurai, kore mai haske, wasu da ɓawon irin a kansu har yanzu. Ta kwanta a kan dutsen daɓe ta sa ido daidai da su. Iska ta kaɗa, suka yi rawa.

Daga gado ba a ganin wurin, ko an ɗaga shi har ƙarshe. Ta ɗauko cokalin miya daga kicin, ta yanko ƙasar a hankali, ta ɗora a kan faranti ƙaramin na kofin shayi.

"Baba. Baba, buɗe ido."

Ya buɗe da ƙyar. Ta kama yatsansa ta bi da shi a kan tsirran. Yatsan yana tafiya yana dawowa.

"Kin cika iri," ya ce. Muryar sai da ta sunkuya ta ji. "Hannunki ya yi nauyi."

"Na sani. Ka yi haƙuri, Baba. Ni na makara. Injin bai ƙare ba a kanti, ni ce…"

"Na sani." Ya ɗan numfasa. "A ina?"

"Jikin bango. Nan ƙarƙashinka."

"Sauran yana nan. Bai mutu ba, jira yake. In Maris ya yi ki ƙara iri, kaɗan. Kada ki yi aski sai ya kai tsawon yatsanki. Ki ɗaga wuƙar injin askin sama."

"To."

"Kada ki bar Norris ya ba ki shawara."

Ta yi dariya, hawaye ya ɗiga a farantin.

"Mayar da shi," ya ce. "Ɗakin nan ya yi masa zafi, zai mutu. Ki danna da diddige, a hankali."

Ba ta so ta tashi ba, amma ta tashi. Ta zagaya ta kicin, ta durƙusa a jikin bango, ta zuro ƙasar daga faranti zuwa raminta, ta gyara gefe da gefe. Ta miƙe ta ɗora diddige, ta danna a hankali. Ruwa ya fara sauka. Ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa don ya san an gama, ta tsaya tana saurare.